Lalurar rashin natsuwa a yara: yadda ake bambanta ta da ƙiriniya da hanyoyin kula da ita

Ƙiriniya halin ƙuruciya ce, kuma akasarin yara sukan bar ta da zarar hankali ya shige su. Sai dai akwai yaran da rashin natsuwarsu lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma, wadda likitoci ke kira ADHD a taƙaice, wato ƙarancin mai da hankali haɗe da yawan motsi. A Itas, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Itas/Gadau ta Jihar Bauchi, kamar a sauran garuruwan ƙasar Hausa, irin wannan yaro akan kira shi mai kunnen ƙashi, ko gagararre, ko daƙiƙi, wani lokaci ma a ce iska ce ta shafe shi. Waɗannan sunaye sukan jawo masa duka ko barin makaranta, alhali abin da yake buƙata shi ne a gane lalurar da wuri.

Asalinta

Likitan yara ɗan Ingila George Still yana cikin waɗanda suka fara bayyana siffofin lalurar, a laccocin da ya gabatar a Landan a 1902. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna cewa tana shafar kusan yara 5 cikin 100, kuma an fi gano ta a maza. Gado ne babban sanadinta, shi ya sa akan tarar da mai irin halin a cikin dangi. Haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi lokacin haihuwa da gubar dalma suna ƙara haɗarin samunta. Rashin tarbiyya ba ya haifar da ita, ko da yake hargitsi a gida yakan tsananta ta. Kuma ba ta nufin yaro ba shi da basira.

Alamunta

Alamun sun kasu gida biyu. Na farko ƙarancin mai da hankali: a aiki yaro sayen abu uku ya dawo da ɗaya, ya riƙa ɓatar da takalmi da alƙalami, ya fara rubutu a allo ko a littafi bai ƙarasa ba, a yi masa magana kamar ba ya wurin. Na biyu yawan motsi da gaggawa: ba ya iya zama a kan tabarma ko benci ko da na ɗan lokaci, yana ba da amsa kafin a gama tambaya, ba ya jiran layi, yana tsallaka titi ba dubawa. Wani yaron kashi ɗaya ne ya fi bayyana gare shi, wani kuwa duka biyun. Yara mata sun fi zuwa da kashin farko. Da yake ba sa damun kowa, sai a ɗauka sakarci ne ko lalaci, a bar su ba taimako.

Likita ba ya tabbatar da lalurar sai alamun sun kai aƙalla wata 6, sun fara kafin shekara 12, sun wuce abin da aka saba gani a tsaran yaron, kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Dole ne kuma su bayyana a wuri biyu ko fiye, misali a gida da makarantar boko ko Islamiyya. Yaron da ke natsuwa a gaban malam amma yana ta'adi a gida kaɗai, mai yiwuwa matsalarsa wata ce daban. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna lalurar. Da bayanan iyaye da malamai da duba yaron ake gane ta.

Abubuwan da ke kama da ita

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a duba ji da ganin yaro, domin wanda ciwon kunne ko sanƙarau ya taɓa jinsa zai yi kama da marar sauraro. Akwai nau'in farfaɗiya da ke sa yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba. Yunwa, ƙarancin jini, ƙarancin barci da damuwa bayan mutuwa ko rabuwar iyaye duk suna rage natsuwa, kuma kowanne da maganinsa.

Yadda ake kula da yaron

Duka ba ya warkar da lalurar, sai dai ya ƙara wa yaro tsoro da taurin zuciya. Abin da ya fi amfani a gida shi ne tsayayyen lokacin barci, cin abinci da karatu. Ba da umarni ɗaya a gajarce bayan an haɗa ido da yaron. Da yaba masa nan take idan ya yi daidai. Idan ya yi laifi, a hana shi wani abin da yake so na ɗan lokaci, ba tare da zagi ba.

A makaranta, a zaunar da shi gaba kusa da malami, nesa da taga da ƙofa. A raba masa aiki ko hadda ƙanana-ƙanana, a kuma ba shi aikin da zai sa ya motsa, kamar share allo ko raba littattafai.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara 6, horar da iyaye kan waɗannan dabaru shi ne matakin farko. Ga waɗanda suka girme haka kuma lalurar ta tsananta, likita na iya rubuta magani irin su methylphenidate ko atomoxetine, yana bibiyar nauyin yaro, tsayinsa, barcinsa da bugun zuciyarsa. Ba a sayen su a kemis ba da takardar likita ba, kuma maganin sa barci ba maganin wannan lalura ba ne.

Inda za a nemi taimako

Iyaye a Itas da kewaye za su iya farawa daga cibiyar lafiya matakin farko ko babban asibiti mafi kusa, su nemi takardar turawa zuwa sashen yara na asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare. Idan ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. Yana da kyau a tafi da rubutaccen bayanin malamin aji kan halin yaron. Dokar Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sanar da sa mata hannu a watan Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wariya ga masu irin waɗannan lalurori.

Yawan motsi yakan ragu da girma, amma ƙarancin mai da hankali yakan bi mutane da yawa har su manyanta. Yaron da aka bari ba kulawa ya fi fuskantar barin makaranta, haɗurra da shaye-shaye. Wanda aka gano da wuri kuwa yana iya kammala karatu ya riƙe sana'a kamar tsaransa.