Aman Dutsen Pelée na 1902 da Sauyin Fahimtar Narkakken Dutse

A ranar 7 ga Mayu, 1902, kwamitin da Gwamna Louis Mouttet ya kafa a tsibirin Martinik, mulkin mallakar Faransa a yankin Karibiyan, ya bayyana cewa dutsen Pelée mai aman wuta ba zai taɓa birnin Saint-Pierre ba. Hujjarsa ita ce kwarurukan da ke gangaren dutsen za su karkatar da duk abin da ya malalo zuwa teku. Washegari, da misalin ƙarfe takwas na safe, wani gajimare na toka da tsakuwa da iska mai ƙuna ya gangaro ya lulluɓe birnin. Cikin 'yan mintoci kimanin mutum 28,000 suka halaka, har da gwamnan kansa.

Kwamitin ya ɗauka narkakken dutse kan fito ne ya malala kamar ruwa, ya bi kwari. Amma yadda dutse ke aman wuta ya dogara ga abin da ke faruwa a cikin narkakken dutsen tun yana ƙarƙashin ƙasa. A can, tururin ruwa da sauran iskar gas suna narke a cikinsa saboda tsananin matsi. Yayin da yake tasowa sama, matsin yana raguwa, sai gas ɗin ya zama kumfa. Idan narkakken dutsen ruwa-ruwa ne, kamar na tsibiran Hawai mai ƙarancin sinadarin silika, kumfar kan fice cikin sauƙi. Na Pelée kuwa, wanda silikarsa ta kai kusan kashi 60 cikin 100, yana da kauri da danƙo, don haka yana riƙe gas ɗin har sai ya tarwatsa shi. Mai tuƙa tuwo ya san haka: ruwa kan tafasa lami lafiya, talge mai kauri shi ke fallatsa.

Alfred Lacroix, masanin duwatsu da Kwalejin Kimiyya ta Faransa ta tura tsibirin a wannan shekarar, ya nazarci irin waɗannan gajimarai da suka ci gaba da fitowa, ya kuma bayyana su a littafinsa na 1904. Dutsen da kansa ya ba da shaidar wannan kauri: daga ƙarshen 1902 wani ginshiƙi na daskararren dutse ya tsiro daga bakinsa, ya haura mita 300 kafin ya rushe a 1903.

Thomas Jaggar na Amurka, wanda shi ma ya ga kufan Saint-Pierre, ya kafa cibiyar sa ido kan duwatsu masu aman wuta a Hawai a 1912. Tun daga lokacin, auna gas da gano kaurin narkakken dutse suka shiga cikin abin da ake dubawa kafin a ce wa jama'a su zauna ko su tashi.