Jimlar Turancin da Ta Sauka a Tashar Ƙaura

A shekarar 1929 ne layin dogo da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo ya tuƙe a Ƙaura Namoda. Don kwasar gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi, amma tare da jirgin sai ga Turancin aiki ya sauka: na tikiti, na rasit, na wayar tangaraho, na takardar neman aiki. Kafin wannan lokaci mutumin Zurmi ko na Shinkafi yana iya ƙare rayuwarsa bai taɓa buƙatar haɗa jimla ɗaya ta Turanci ba, domin alƙali da Larabci yake rubutu, hakimi kuwa da Hausa yake karɓar haraji. Akawunan jirgi da na kamfanonin sayen gyaɗa, waɗanda galibinsu daga Kudu suka zo, su ne suka fara nuna wa mutanen wannan yanki cewa wannan harshe yana ciyar da mai shi. Yau yaro ba ya samun gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, sai ya ci jarrabawar Turanci. Abin da ya fi kayar da yara a jarrabawar kuwa shi ne haɗa kalmomi su zama jimla: inda aikatau zai zauna, inda bayanau zai shiga, da mahaɗin da zai ɗaure sassan biyu. A ganina wannan rauni gadon tarihi ne. An koyar da jimlar Turanci a ƙasar da ta riga ta san nahawu, kamar a ce ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Zamfara ba baƙuwar ilimin jimla ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi da karantarwa a cikinta kafin jihadi, kuma Namoda, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, ya wallafa Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Hisnur Rasin a fannin sarafi, duka a waƙe. Ɗalibin zaure kuwa yakan fara da Ajurumiyya ta Ibn Ajurum mutumin Fas, wanda ya rasu a 1323, ya bi ta Mulha da Ƙaɗrun Nada, in ya yi nisa ya kai Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan 1,000. Abin lura shi ne yadda ake karatun. Ɗalibi ya ja gaɓa ɗaya, malam ya fassara masa da Hausa, sannan a tsaya a yi wa kalmomin li'irabi: wannan fa'ili ne, wancan maf'uli, me ya jawo wa wannan rufu'a, me ya sa wancan ya ɗauki fataha. Zaidu da Amru na misalan nahawu, bayin Allah, sun sha dukan juna a zaurukan ƙasar Hausa fiye da kowane ɗan dambe. A babin harufan aɗafi, waɗanda Ajurumiyya ta lissafa guda 10, ɗalibi yakan koyi cewa wawu tana haɗa abu biyu ba tare da faɗin wanda ya riga ba, fa'un tana nuna na biyu ya biyo nan take, summa kuma tana nuna an ɗan jinkirta. Wato dai malamin zaure ya daɗe da gano cewa baƙon harshe ta ƙofar harshen gida ake shiga da shi, kuma aikin kalma a cikin jimla ya fi sunanta muhimmanci.

Makarantar boko ta bi wata hanya dabam. Tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909, Turawan mulki sun bar karatun elementare da Hausa, suka ajiye Turanci ga 'yan ƙalilan da za su wuce midil, sannan Kwalejin Katsina. Da Turancin ya zo, sai ya zo da nahawun makarantun Ingila, irin wanda littafin Lindley Murray na 1795 ya yaɗa, wanda shi ma a kan ƙirar Latin aka ɗinka shi: a raba kalmomi aji-aji, a haddace ma'anar kowane aji. Manyanmu da suka yi zamani da littafin Brighter Grammar har yau suna iya rero waɗannan ma'anoni. Daga baya aka kawo salon Harold Palmer da A. S. Hornby, malamai biyu da suka gina dabarunsu a Japan, inda ake zana jadawali a allo, yara su riƙa cire kalma suna sa wata, suna maimaitawa da ƙarfi. Duka hanyoyin biyu suna da amfani, kuma duka biyun ba su tambayi abin da yaron ke yi da jimla a bakinsa ba. Da shirin UPE ya zo a 1976, makarantu suka cika maƙil, aka ɗebo malamai cikin gaggawa, sai haddar ta yi saura, bayanin ya zube a hanya.

Alhali kurakuran Bahaushe a Turanci ba na ganganci ba ne, kusan kowanne yana da tushe a Hausa. Mu ɗauki dillali a kasuwar Shinkafi yana ba da labari: ya tashi ya kama akuya ya kai kara ya sayar. Aikatau huɗu a jere, babu mahaɗi ko ɗaya, domin wannan ƙaramin "ya" da ke maimaituwa shi ke riƙe da zaren. "Da" ɗinmu sunaye kawai take haɗawa, gero da dawa, ba ta haɗa jimla da jimla, alhali "and" ta Turanci tana yin aikin biyu. Yaron da ya jera jimloli huɗu na Turanci babu mahaɗi, aka zabga masa jan biro, da ƙa'idar Hausa ya yi aiki. Haka kuma Hausa tana son ta ce ko da yake ya zo, amma bai same shi ba. Turanci kuwa in ya sa "although" ba ya yarda "but" ta biyo baya. Lokaci ma ba a wuri ɗaya harsunan biyu ke ajiye shi ba. Mu muna sauya abin da ke gaban aikatau, ya zo, yana zuwa, zai zo, yakan zo, su kuma suna taɓa jikin aikatau ɗin, shi ya sa yaro kan manta ɗafa-ƙeyar shuɗaɗɗen lokaci, tunda a kunnensa "jiya" ta riga ta gama magana. Wanda ya fi ban sha'awa shi ne bayanau. Abubuwa da dama da Turanci ke faɗa da bayanau, Hausa da aikatau take faɗarsu: ya riga ya tafi, ya taɓa zuwa, ya sake faɗa, ya kusa faɗuwa, ya dinga kuka. Wanda bai san cewa "riga" ɗinsa aikatau ne, "already" kuma bayanau ce mai neman gurbi tsakanin mataimakin aikatau da babban aikatau ba, zai yi ta jefa ta duk inda ta faɗa.

Za a ce ai karatun zaure ma hadda ce, kuma kaɗan ne daga cikin almajirai ke kaiwa ga nahawu, mata kuwa sun fi ƙaranci. Gaskiya ne, kuma akwai mai Alfiyya a ka da ba ya iya rubuta wasiƙar Larabci. Sai dai ba littattafan nake cewa a kwaso ba, dabarar nake nufi: fassara gaɓa-gaɓa, sannan tambayar me ya sa. Wasu kuma za su kawo misalin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turancinsa ya burge Turawa kansu, su ce ai mutanen Kwalejin Katsina da Turanci zalla aka horar da su. Amma waɗannan zaɓaɓɓu ne 'yan kaɗan, a makarantar kwana, a hannun masu harshen, kuma sun fito daga elementare sun iya rubutun Hausa sarai. Ɓalewan nan shi ya rubuta Shaihu Umar don gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ma ya nuna cewa yaran da aka karantar da Yarbanci duk tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na mai cewa wa ke ta bayanau a ƙasar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, har gwamnati ta rufe makarantun jihar Zamfara a 2021? Wannan ba shi da amsa a littafin nahawu. Sai dai raunin haɗa jimlar ya girmi rashin tsaron da shekaru masu yawa, kuma ranar da aka koma aji lafiya za a tarar da shi yana jira. Kayan gyaran kuwa suna nan. Farfesa M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa tun 1976, kalmomin aikatau da bayanau da mahaɗi sun zauna daram a manhajar sakandare. A jadawalin makaranta ɗaya, malamin Hausa yana koyar da su da safe, malamin Larabci yana koyar da harufan aɗafi kafin tara, malamin Turanci ya shigo bayansu ya goge allo, a wasu makarantun ma har da tarar kuɗi ga duk yaron da aka ji ya yi Hausa a aji.