Albashi ko Haraji: Nazarin Muhawarar Inshorar Lafiya ga Kowa daga Unguwar GRA, Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi dokokin kiwon lafiya na 1999 da 2014 da 2022, ta auna su da yanayin gidajen unguwar GRA ta birnin Katsina. Hujjarta ita ce, tsarin da aka ɗora kan yankar albashi an yi shi ne domin irin mazauna wannan unguwa, kuma ko su bai wadatar da su ba, balle manomi da mai talla. Shigar da kowa ba zai yiwu ba sai an ɗora kaso mafi tsoka a kan kuɗin haraji.

Gabatarwa

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, amma bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo. A 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta samar da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, sai dai bai shiga kasafi ba sai 2018. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta wajabta inshora a kan kowane mazaunin ƙasar, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Katsina ta kafa tata hukumar taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA, a mulkin Gwamna Aminu Bello Masari. Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita.

An zaɓi GRA ne don nan manyan ma'aikata da 'yan fansho da likitoci suka fi taruwa, wato masu tsara manufa da waɗanda suka fara cin moriyarta. In tsarin zai yi wa wani daidai, to mazaunin nan ne.

Ɓangarorin muhawara

Masu ƙin shirin ba bakinsu ɗaya ba. Akwai mai shakkar halascinsa, saboda jahiltar abin da za a samu da kuma tsoron riba. Wannan ta fi sauƙin warwarewa, domin tun 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta bambanta inshorar kasuwanci da ta hana, da ta taimakekeniya da ta halatta, kuma kan ta biyun jihohin Arewa irin su Kano da Katsina suka gina hukumominsu.

Ƙorafin da ya fi nauyi na amana ne. Ma'aikaci yana cewa: a yanki albashina kowane wata, in je asibiti a ce babu magani, in tafi kemis in saya da kuɗina, to me na tsinta? Wannan magana tana da tushe a cikin tsarin biyan kuɗin kansa. Ana ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. A shirin tarayya wannan kuɗi ya tsaya a naira 750 a wata fiye da shekara goma, daga 2012. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin GlaxoSmithKline kuma ya sanar da rufe harkokinsa a ƙasar a watan Agustan shekarar, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Asibitin da kuɗin da ake ba shi bai kai na magani ba, abin da yake yi sananne ne: likita ya duba, ya rubuta, a tagar ba da magani a ja layi ƙarƙashin biyu daga cikin ukun da aka rubuta, a ce a nemo a waje. Mai katin inshora ya fita yana ganin an yaudare shi, ma'aikacin tagar kuma ba shi da yadda zai yi.

Gidan da doka ta zana da gidan da ke ƙasa

A nan ne, a ganina, muhawarar ta bar jaki tana dukan taiki. Shirin ma'aikatan tarayya ya ɗauki ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Binciken alƙaluma da lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Jihar Katsina ya kai 7.3, mafi yawa a ƙasar, alhali na Legas 3.4 ne. A ƙara da auren mace fiye da ɗaya, da riƙon 'ya'yan 'yan'uwa, da tsofaffin iyaye.

A dubi gidan babban ma'aikaci a GRA. Mutum shida ne a kan kati. Amarya da 'ya'yanta sai an yi musu ƙarin biya. Direba da maigadi da mai aikin gida ba sa ciki. Ɗakunan bayan gida kuwa ba sa rabo da baƙo daga Batsari ko Jibiya ko Safana, wanda ya zo da takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, kuma kuɗin gwaji da na jini da na aiki duk a wuyan maigida suke. Matsalar tsaro da ta raba ma'aikatan lafiya da wasu asibitocin karkara ta ƙara yawan irin waɗannan baƙi. Ke nan mai albashi shi ne inshorar danginsa, ba tare da doka ta san da shi ba. In ciwon ƙoda ko daji ya faɗa wa mutum ɗaya, sai a ga an sa fili a kasuwa. Saboda haka mazaunin GRA da ke cewa kuɗin talaka ba ruwansa, ya daɗe yana biyansa, ta hanya mafi tsada, bayan ciwo ya riga ya ci jiki.

Me ƙasashe suka gwada

Ingila ta ɗora nata tsarin kan haraji tun 1948. Ghana, a dokar 2003, ta sa harajin kashi 2.5 cikin 100 kan kaya da hidimomi don ciyar da asusun, shi ya sa wanda ba shi da albashi ya samu ƙofar shiga. Darasin da ya fi kusa da Katsina yana tsallaken Jibiya. A 2006 Nijar ta soke biyan kuɗi ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, iyaye suka yi ta tururuwa zuwa asibitoci a Maraɗi da sauran yankuna, amma jinkirin gwamnati wajen mayar wa asibitoci kuɗinsu ya tara bashi ya kwashe magani daga kantoci. Haraji ma ba ya aiki sai ana sakin kuɗin a kan kari.

Abin da ya rataya kan jiha

Wajabta inshora a takarda ba ya karɓo kuɗi daga mai sayar da fura ko ɗan acaɓa, domin ba su da takardar albashin da za a yanka. Katsina na da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34, kuma asusun 2014 ya ginu ne kan samar da asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Abin da ya dace majalisar jiha ta yi shi ne ta ɗaure wani kaso na kuɗin shiga ga rajistar mata masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi, a riƙa wallafa ranar da aka biya kowane asibiti da adadin da aka biya shi, a kuma riƙa sabunta kuɗin kowane mutum bisa farashin magani. Alkawarin Abuja na 2001 ya ce kashi 15 cikin 100 na kasafi ya tafi ga lafiya; ma'aunin da masu bincike ya kamata su riƙe shi ne nawa aka saki, kuma nawa ya isa tagar magani a Kaita da Rimi.