Raƙuman Dawan Kure: Namun Dajin da Ba Sa Gudun Mutum

Kure ƙauye ne da ke kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar Doso. Sunansa ya fita duniya saboda raƙuman dawan Afirka ta Yamma, irin da a yau ba ya rayuwa a dajin wata ƙasa sai Nijar. Ana gane su da hasken fata, domin dabbare-dabbaren jikinsu bai kai na 'yan'uwansu na gabashin Afirka duhu ba.

A farkon ƙarni na 20 waɗannan dabbobi sun bazu daga Senegal har zuwa yankin Tafkin Cadi, haɗe da arewacin Najeriya. Farauta da saran daji da farin shekarun 1970 da 1980 suka yi musu ƙarƙaf, har a 1996 aka ƙidaya saura 49 kacal. Bayan gwamnati ta tsaurara hana farautarsu, adadin ya farfaɗo, ya haura 600 kafin 2020.

Mazauninsu ba gandu ne mai shinge ba. Gonaki ne da ƙauyuka. Da damina suna kiwo a kan tudun Kure, da rani kuma su gangara kwarin Dallol Bosso neman ganyen gawo. Manomin Wurno ko Goronyo ya san halin wannan itace: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Da yake babu zaki a yankin, kuma mafarauci ya ajiye makami, raƙuman sun saba da manoma da makiyaya, har baƙo kan sauka daga mota ya matso kusa da su a ƙafa tare da ɗan jagora.

Sabon nasu ya bambanta da na tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado, waɗanda aman wuta ya samar a tekun Fasifik, inda Charles Darwin ya sauka a 1835. Can tsuntsaye da manyan kunkuru ba su san tsoro ba tun asali, saboda sun daɗe ba tare da maharba ko manyan namun dawa masu cin nama ba. A Kure kuwa, dabbar da ta sha kora ce ta koyi amincewa.

Zaman yana da tsada. Raƙuman kan shiga gonar wake da lambun mangwaro su yi ɓarna, kuma abin da ke sanyaya ran manomi shi ne kuɗin baƙi da tallafin ƙungiyoyin kare namun daji. Wannan hanya ta girgiza ranar 9 ga Agustan 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji tare da direbansu da ɗan jagoransu, 'yan Nijar. Ziyara ta ja baya ƙwarai.

Domin kada a tara duka garken wuri guda, a Nuwamban 2018 an kwashe raƙuma takwas zuwa gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda irinsu ya ɓace shekaru da dama. Ɗorewar garkunan biyu ta rataya a kan tsaro, da kuma ribar da mai gona yake gani a zama da su.