Ginin Tukwane a Arewa: Daga Gindin Randa Zuwa Aji

A Badarawa, kamar sauran garuruwan Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, kowa ya san daɗin ruwan randa a watan bazara. Sirrin yana jikin yumɓun: ba a ba shi wuta mai tsanani, sai randar ta riƙa zufa, iska na busar da ita, ruwan na sanyi. Wannan sani ba a aji ake samunsa ba, gado ne.

Shigar sana'ar makaranta ta faro ne a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila, aiki. Ya zagaya ƙasa, ya zaɓi Abuja saboda yumɓu da itace da ruwa, ya kafa cibiyar koyarwa. Ya kawo faifan juyi, da rufaffen murhu mai zafin da ya haura digiri 1,200, da shafe mai ƙyalli da ake haɗawa da toka da garin dutse.

A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, mace ta farko. Ba 'yar koyo ba ce. Tun kafin nan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau na tara tukwanenta. Ta koyi faifai, amma manyan tulunanta da hannu take gina su irin na Gwari, tana zagaya tulun tana jan bakinsa sama. Sai ta tsaga siffar kada, kunama, kifi ko ƙadangare, ta cike tsagar da farar ƙasa, a shafe a gasa.

A nan abin ya sauya. Tulun ya fito da kyau na ban mamaki, amma ya yi nauyi, kuma ya daina zufa, balle ya sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma abin kallo. An baje kolinsa a Landan a 1958, 1959 da 1962. Riba ce babba, ko da yake ba uwargida mai neman ruwan sanyi ce ta ci ta ba.

Cardew ya bar cibiyar a 1965. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake karanta fannin har zuwa digirin digirgir, ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana aikin tulu.