Ƙwayar Cutar HIV: Yadda Take Karya Garkuwar Jiki da Yadda Ake Daƙile Ta

HIV ƙwayar cuta ce da ke kai hari kan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke jagorantar jiki wajen yaƙar cututtuka. Takan shiga cikinsu ta hayayyafa, tana hallaka su sannu a hankali. Idan ba a sha magani ba, garkuwar jiki takan rushe bayan wasu shekaru, sai cututtuka irin su tarin fuka da sanƙarau su samu kafar shiga. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙanjamau. Saboda haka ba duk mai ɗauke da HIV ne yake da ƙanjamau ba.

An fara bayar da rahoton cutar a Amurka a shekarar 1981, sannan masana a Faransa suka gano ƙwayar a 1983. A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ita.

Ana kamuwa da ƙwayar ta hanyar jima'i ba tare da kariya ba, da ƙarin jinin da ba a tantance ba, da amfani da allura ko reza ko askar da wani ya yi amfani da ita. Uwa ma kan iya sa wa jaririnta lokacin goyon ciki, ko haihuwa, ko shayarwa. Ba a ɗaukar ta ta musabaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro.

Mutum kan yi shekaru da ƙwayar ba tare da wata alama ba, don haka gwaji ne kaɗai ke tabbatar da matsayinsa. Magungunan ARV ba sa kawar da ita, amma suna hana ta hayayyafa. Wanda yake shan su kullum bisa ƙa'ida yakan yi tsawon rai cikin ƙoshin lafiya, kuma idan ƙwayar ta ragu har gwaji ya kasa gano ta, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar jima'i. Mai juna biyu da ke kan magani kuwa, da wuya ta sa wa jaririnta.

Wanda yake zargin ya yi mu'amalar da za ta iya jawo masa kamuwa, ya garzaya asibiti cikin sa'o'i 72 domin karɓar maganin kariya na kwana 28. Haka kuma dokar Najeriya ta 2014 ta haramta nuna wa masu ɗauke da ƙwayar wariya.