Zinariya da Dalma: Yadda Lissafin Ƙwayar Zarra Ya Isa Ƙasar Anka

A shekarar 1785 ne wani masanin Faransa mai suna Charles Coulomb, bayan ya daɗe yana auna ƙarfin da ke murɗa wani siririn zare, ya tabbatar da ƙa'idar cewa abubuwa biyu masu ɗauke da lantarki iri daban suna jan juna, masu iri ɗaya kuwa suna ture juna, kuma idan aka ninka tazarar da ke tsakaninsu sau biyu, ƙarfin nan yakan koma rubu'i. Sai da aka shafe fiye da ƙarni guda kafin Ernest Rutherford, a birnin Mancesta na Ingila, ya ɗauki wannan ƙa'ida ya kutsa da ita cikin ƙwayar zarra, domin a 1911, bisa hujjar gwajin da almajiransa suka yi da wani fallen zinariya, ya bayyana cewa kusan dukan nauyin ƙwayar yana tattare a wata 'yar cibiya, ilektaron kuwa suna kewaya ta, jan lantarki yana riƙe da su kamar yadda igiyar majajjawa take riƙe da dutse sa'ad da yaro yake wulwula ta a gona.

Amma fa akwai mas'ala, don a bisa hisabin malaman dauri, duk abin da ke ɗauke da lantarki yana kewaye dole ya riƙa zubar da ƙarfinsa, har ya faɗa cibiya kafin ƙiftawa da bismillah, alhali ga duniya nan tsaye. Masani Niels Bohr ya yi fatawa a 1913 cewa ilektaron suna da matakai ƙayyadaddu, a shekarar nan kuma Henry Moseley, saurayin da yaƙi ya cinye a 1915, ya nuna cewa kowane ma'adini yana fitar da hasken eksire irin nasa, gwargwadon ƙarfin cibiyarsa. Adadin ƙarfin cibiyar zinariya 79 ne, na dalma 82, kuma a ganina babu inda wannan rata ta uku kacal ta yi tsada kamar yammacin Zamfara.

A farkon 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda ake kawo dutsen zinariya cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa da injin niƙan hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gidan da jarirai ke rarrafe. Dutsen nan cike yake da dalma, kuma an ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu. Ma'aikatan da suka zo aunon ƙasa, cikinsu har da na kamfanin TerraGraphics, sun riƙa ɗora bakin wata na'urar hannu a kan turɓaya, ita kuwa sai ta harba eksire ya fizge ilektaron daga matakin ciki, wani ya gangaro daga sama ya cike gurbin, hasken da ya saki a gangarowar ya shaida ko dalma ce da kuma yawanta, duk a cikin ɗan lokaci kaɗan. Da wannan awo aka riƙa gane gidan da za a kankare ƙasarsa a zuba sabuwa, aikin da bai kai ga ƙauyen Bagega ba sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya.